Na Sauko da Ƙafata, Yaya Issufu

Zuwa ga yayana, Issufu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa irin ta ƙane ga wansa, ina fatan wannan takarda ta iske ka cikin rahamar Ubangiji, a makwanci mai faɗi da sanyi. Ni ne Laminu. Inna tana nan lafiya, sai ciwon gwiwar nan da ka sani. Matarka Barira ta koma gidansu a Gabi, amma takan kawo mana Nana ranar kasuwa. Ɗiyar taka ta shiga lakol, makarantar boko, kuma bakinka ta ɗauko, ba a faɗa mata ɗaya ba ta mayar da biyu ba.

Na san ba za ka karanta wannan ba. Zan sa ta inda mutane ke karantawa a waya, waɗanda suka san ka da waɗanda ba su san ka ba, don a cikinsu akwai masu hawa irin abin da ka hau. Su karanta in sun so. Ni dai da kai nake.

An kore ni daga aiki, Yaya, kuma ko kaɗan ban yi da na sani ba.

Kai ne na farko a danginmu da ya hau nasel, motar nan mai dogon hannu da kwandon ƙarfe a ƙarshensa, mai ɗaga ma'aikaci zuwa kan poto, wato dogon turken fitilar titi. Lokacin da aka fara kafa fitilu masu aiki da hasken rana a bakin hanyar Madarumfa, muka fito muna kallonka can sama kana ɗaga mana hannu. Inna ta rufe fuska da mayafi. Ka sauko kana dariya, ka ce daga can ana ganin tabki ɗungurungum, da jiragen masunta, da garake har inda ido ya ƙare. Ranar na ji ba wanda ya kai ni yaya a garin nan.

Ina tuna abin da kake cewa in an miƙo maka santir, ɗamarar nan da ake ɗaura wa ma'aikaci a maƙala ta jikin kwando: "Wannan na wanda bai yarda da ƙafarsa ba ne." Mu kuwa sai mu kwashe da dariya.

Abin da ya faru ranar, kai ka ga farkonsa, ni kuma na bi na ji sauran daga bakin waɗanda ke wurin. Ƙarshen damina ne, kuna aiki kusa da tabki. Ƙasa ta bushe a sama, ƙarƙashinta laka ce. Aka sauke ƙafafun motar ba a sa masu katako ba. Kwandon bai kai ka inda kake so ba, maimakon a sauke ka a gyara tsayuwar mota, sai ka taka ƙarfen gefen kwando ka miƙa hannu. Ƙafar mota guda ta nutse. Motar ko faɗuwa ba ta yi ba, Yaya, karkacewa kawai ta yi, hannun ya fizga, ya jefo ka ƙasa. Santir ɗinka kuwa yana rataye a bayan kujerar direba.

Ina gona ina yankan gero aka zo aka kira ni. Na iske ka a likita a Maradi, idonka buɗe, amma ba ka ƙara cewa komai ba har ka cika.

Wurin zaman makoki kowa ya zo da magana guda: kwana ya ƙare. Na ce haka ne, na ce amin, kuma har yau na yarda ba mai wuce ranarsa. Amma duk yawan mutanen da suka cika rumfar ƙofar gidanmu, ba wanda ya ambaci katako. Shef ɗinku, shugaban aikin, ya zo, ya zauna, ya yi addu'a, ya shafa, ya tafi. Ba a jima ba na ga motar ta fito aiki, wani yana cikin kwandon, shi ma ba ɗamara.

Kai ma ina da magana da kai. Na daɗe ina jin haushinka, kuma ban iya faɗa wa kowa ba, don ba a jin haushin mamaci a gaban mutane. Ka san abin da santir ke yi. An nuna maka. Ka zaɓi a ce Issufu ba ya tsoro, ka bar Barira da goyo, ka bar Inna tana kallon ƙofa duk lokacin da ta ji ƙarar mota. Na yafe maka, Allah Ya sani. Amma dariyar nan da muka yi maka, ba zan ƙara yi wa kowa ita ba.

Da na ce zan shiga aikin, Inna ta daina amsa gaisuwata. Abin da ta faɗa kawai shi ne: "Na ba motar nan ɗa guda, ba ta ƙoshi ba?" Na ce mata ko na hau ko ban hau ba, ɗan wata zai hau, kuma ni ina son in san yadda ake hawa a sauko. Kawu ya ce taurin kai ne, in koma gona ko in bi samari Najeriya ci-rani. Na ƙi.

Na tafi Maradi na koyi aikin wurin wani dattijo da ya tsufa yana tuƙa irin waɗannan motoci. Bai bar ni na taɓa kwando ba sai da na iya zagaya mota da ido. In duba robobin mai ko suna ɗiga. In gwada hannuwan sarrafawa na ƙasa, don in na sama ya sume a iya sauko da shi. In soka ƙarfe a ƙasa in ji ko tana da tauri, in shimfiɗa katako ƙarƙashin kowace ƙafa. In ɗaga kai in nemi wayar wuta, in ɗauka kowace waya da rai take ko da an rantse mini an kashe ta. Ya ce ƙugiyar santir a jikin kwando ake maƙala ta, kada in kuskura in maƙala a poto, don in mota ta gusa poto ba ya bin ta. Ya ce ƙafa biyu a kan daɓen kwando, ba taka gefe, ba ɗora bokiti a hau. Duk abin da ya faɗa, fuskarka nake gani.

Na sayi santir nawa na kaina, don kada wata rana a ce mini na wurin aiki ya tsinke ko an manta shi.

Ka san wanda ya ɗauke ni aiki? Shef ɗinka. Ina jin kunya ce ta sa, ko kuwa ya ga ba shi da mai takardar koyo. Abokan aikinka na nan, Rabe da sauransu. Suka sa mini suna Malam Ɗaure. Da safe in ina zagaya mota sai su ce in yi sauri in gama ɗawafi. In na ɗaura igiya kewaye da wurin aiki don kada mutane su bi ta ƙarƙashin kwando, sai su ce na buɗe turken awaki. Nakan gama abina, in hau, in sauko.

To ga abin da ya faru makon jiya.

Muna gyaran fitilun bakin kasuwa. An ce baƙi za su zo washegari, Shef yana son duk fitilun su kama. Bayan azahar hadari ya taso daga gabas. Ina sama na ga itatuwan dogon yaro sun fara rangaji, ledoji na tashi sun wuce kaina, kwandon yana lilo da ni. Saura potuna kaɗan. Sai Shef ya ɗaga murya daga ƙasa ya ce in zauna yadda nake, za a naɗe ƙafafun mota a ja ni zuwa poto na gaba, haka har mu gama.

Ka san hanyar nan, Yaya, duk ramuka ce. Ramin da taya za ta faɗa a ƙasa, a can sama jifa yake zama. Ga kuma wayar wuta ta gitta hanya zuwa shagon mai injin niƙa.

Na ce a sauke ni tukuna, kuma in iskar nan ba ta kwanta ba, ba zan koma ba. Ya ce ba lokaci. Na kama hannun sarrafawa na cikin kwando na sauko da kaina a hankali, na kwance ƙugiya, na taka ƙasa.

Mutanen kasuwa sun taru. Shef ya dube ni a gabansu ya ce: "Yayanka bai taɓa ce mini a'a ba."

Na ce: "Na sani, Shef. Ni na sa shi a kabari."

Mai tsire ya daina fifita wuta. Shef ya ce in kwashe kayana. Ya juya ya kira Rabe. Rabe ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya hau. Yana da iyali, ga tsohon ubansa a kwance, ban ga laifinsa ba.

Zan faɗa maka gaskiya, don masu karantawa za su so a ce wani abu ya faru ya nuna ni ke da gaskiya. Ba abin da ya faru. Na tsaya a rumfar mai shayi ina kallo, bakina bai huta da addu'a ba. Aka ja Rabe daga poto zuwa poto, ya sunkuya ya wuce ƙarƙashin wayar nan, kwandon na jifa da shi hagu da dama. Ya gama, ya sauko lafiya. Ruwa ya sauko bayansa. Fitilu suka kama. Na gode wa Allah har cikin zuciyata.

Sai aka juyo kaina. Wani Alhaji mai shago ya ce: "Ka gani? Allah ke tsarewa." Na ce haka ne, Alhaji. Ina kallonsa ya sa wa shagonsa kwaɗo biyu, ya jijjiga su ya tabbatar sun kama, sannan ya tafi gida. Masuntan tabki ma da imaninsu suke toshe jirgi kafin su shiga ruwa, ba wanda ya taɓa ce masu raunin tawakkali gare su. Sai mu masu hawa sama ne ake so mu nuna imaninmu da wuyanmu. Kai ma ka hau haka ba iyaka ka sauko lafiya, ana ta yaba maka, har ranar da ba ka sauko ba.

Duk wanda ke karanta wannan yana cewa tsoro ne, e, tsoro ne. Ina tsoro, kuma ba zan ɓoye shi don a tafa mini ba. Duk Shef ɗin da zai ɗauke ni ya sani tun yanzu: ba na hawa ba katako, ba na hawa ba ɗamara, ba a jan mota ina sama, kuma in iska ta taso zan sauko ko wane ne ke zuwa gari. In wannan ne zai hana ni aiki a Madarumfa, akwai Maradi. In ya hana ni a Maradi, gonarmu ba ta gudu ba. Amma aikin nan ban bar shi ba, na iya shi, ina kuma son shi.

Na shiga gida jiƙe sharkaf, santir a kafaɗa. Labari ya riga ni. Na ɗauka Inna za ta ce ai ta faɗa mini. Tana bakin murhu, ba ta ɗago kai ba, ta ce: "Da ƙafarka ka sauko?" Na ce e. Ta ce: "To zauna ka ci tuwo." Ina cikin ci ta zo ta zauna kusa da ni, ta dafa ƙeyata kamar yadda take yi mana muna yara, ta ce: "Gobe ma in sun ce, ka ce masu a'a." Yaya, ban san lokacin da hawaye suka fara ɗiga cikin miya ba.

Washegari da safe aka yi sallama. Rabe ne. Muka gaisa, ya tsaya yana kame-kame, yana tambayar gwiwar Inna. Can ya ce tunda ina zaune, ko zan ara masa santir ɗina. Ya ce da wayar nan ta wuce kansa ya ji ƙararta a kunne. Na ɗauko na sa masa, na ja maɗaurin cinya da na ƙirji daidai jikinsa, na nuna masa inda ƙugiya ke shiga. Na ce masa wannan zai riƙe shi in ya zame, amma ba ya hana wuta, ba ya hana mota kifewa, sauran sai da bakinsa. Ya ce shi bai iya ce wa Shef a'a ba. Na ce ni ma koya na yi. Ya naɗe shi a cikin buhu don kada a gani a hanya, ya tafi.

Har yanzu ba a kira ni ba. Ban san ko Rabe yana ɗaurawa ba in ya isa can. Ina dai roƙon Allah Ya sa yana yi.

Na yi kewarka, Yaya. Akwai abubuwa da yawa da na iya yanzu waɗanda na so a ce kai na fara nuna wa, ko da dariya za ka yi mini.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Allah Ya raya Nana, Ya ba Barira haƙuri da miji nagari, Ya ƙara wa Inna lafiya. Allah Ya tsare Rabe da duk wanda ya kwana da niyyar hawa sama don ciyar da iyalinsa, Ya mayar da kowa gidansa ana yi masa sannu da zuwa. Shef ma Allah Ya shirye shi. Amin.

Ka huta lafiya.

Ƙanenka,
Laminu
Madarumfa