Na Zuba Wa Bishiyoyin Adda Hairat Taki Ba Ta Sani Ba

Anti Lami, don Allah ki cece ni. Wasa ya kai ni inda ban nufa ba, yau kwana goma ko abinci ba na jin daɗinsa.

Ni mutumin Diffa ne, Babarbare. Allo kawai na yi, wannan rubutun ma a waya na koya, in kin ga gyara ki yi haƙuri. Ina zaune a nan ƙasar Turawa, a garin Largo, wajen kawuna mai tasi, ina aiki a wata gonar gwaji kusa da Beltsville, tonon rami da ban ruwa da yankan ciyawa. Wadda nake yi wa aikin ita ce Adda Hairat, Bafulatanar Yola, tana karatun zama dakta a kan wata bishiya da ake kira fofla, wadda ake katako da takarda da ita. To kin san wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani. Ranar da ta ji inda na fito ta ce ta samu bawa, ni kuma na ce Allah ne ya turo ni in koya wa 'yar daji zaman gari. Shekara uku haka muke.

Ta shuka bishiyoyin ne fili-fili. Wasu filayen taku ɗaya tsakanin bishiya da bishiya, wasu taku biyu, wasu huɗu, don ta ga tazarar da ta fi. Masu sarari suka yi kauri, suka baza rassa kamar alhazan kasuwa. Masu matsatsi kuwa suka miƙe sama suna rige-rigen rana, dogaye sirara, ganyensu na ƙasa duk ya koɗe. Sai na raɗa musu suna: masu ƙiba Barebari, siraran Fulani. Kullum na iso sai in je in gai da danginta, in tambaye su ko an karya.

Bara da layya muka je gonar da ake yanka mana, na ga tulin kashin shanu. Zuciya ta ce min ai Bafulatani ba ya ƙiba sai ya ji warin saniya. Na cika buhu shida, ranar Lahadi na barbaɗa wa biyu daga cikin filayen matsatsi, na rufe da busasshen ganye. Nufina in sun yi kore shar in ce mata ga shi na yi wa danginki magani, mu yi dariya. Wallahi iyakarta ke nan. A garinmu wanda ya zuba maka taki a gona ai godiya kake yi masa.

Sai ta yi tafiya gida, sanyi ya shigo, ganye ya zube, ni ma na manta. Bana ta ɗebi ganye da ƙasa ta kai ɗakin gwaji, sakamako ya fito wai masu matsatsi sun fi sauran wani sinadari, naitirojin, abincin ganye. Ta ce ba haka ta zata ba ko kaɗan, ta gano sabon abu. Anti, ban taɓa ganinta da murna haka ba. Har kaza ta sayo min. Malaminta ya ce ta gabatar a wani babban taro wata mai zuwa, kuma ta ce za ta sa sunana cikin waɗanda take gode wa.

In na faɗa aikina na iya tafiya, kuma ban san da wane ido zan kalle ta ba. In na yi shiru za ta tsaya gaban manyan masana tana bayanin kashin shanuna. Kawu ya ce in ja bakina. Ni kuma ko wucewa ta gaban filayen nan ba na iyawa. Yaya zan yi?

Ɗan Diffa, daga Largo

Ɗan Diffa,

Na yi dariya, ba zan ɓoye maka ba, amma ban daɗe ina yi ba.

Na yarda ba mugunta ka nufa ba. Sai dai gonar gwaji ba gonar gero ba ce. A can dole kowane fili ya samu abu iri ɗaya, ruwa da ƙasa da kulawa, don tazara kaɗai ta zama bambanci. Buhunanka shida sun shiga tsakanin Hairat da amsar da ta yi shekaru tana jira. Wasan Barebari da Fulani ya ba ka damar ka sa mata baki, bai ba ka damar ka sa wa aikinta hannu ba.

Tsoron kawunka ba na banza ba ne, aiki a ƙasar nan ba a tsintarsa a hanya. Amma shirun ba zai tsare maka shi ba. Masana za su yi tambaya, wani zai sake auna ƙasar, kuma ranar da abin ya fito sunanta ne zai ɓaci, ba naka ba. Kai da ka yi allo ba sai na karanta maka hukuncin amana ba.

Ka faɗa mata gobe, ido da ido, ba ta waya ba. Ranar ka ajiye tsokana a gida, ka kira ta Adda kawai. Ka tafi da abin da zai amfane ta: ranar da ka zuba, yawan buhunan, da ainihin filayen. Tunda biyu ka taɓa, akwai sauran filayen matsatsi masu tsabta, mai yiwuwa su ceci aikin. Wannan ita da malaminta za su yanke. Kada ka je ka kankare ƙasar ko ka yi wani gyara a ɓoye, hannunka ya yi aikin da ya isa.

Za ta yi fushi, ka bar ta ta yi, haƙƙinta ne. In za a sake ɗibar ganye da ƙasa, ka riga kowa isowa. Ban yi maka alkawarin aikin zai tsira ba, amma wata guda kafin taro kana da abin ba ta. Bayan taro ba ka da komai sai ban haƙuri.

Allah ya sanyaya zuciyarta, ya ba ta sa'ar karatunta, kai kuma ya buɗe maka baki gobe da safe.

Anti Lami