Jirgin da bai bar ƙasa ba

Babana, salamu alaikum. Ina gajiya, ina karatun jirgi? Tunda ka ƙi ɗaga sallula, bari in rubuta nan, dangi ma su gani.

Wallahi kunya ta hana ni hita ko bakin ƙohwa.

Bidiyon nan da ka turo, shi na hwara buɗewa, ban saurari maganar da ka haɗo da shi ba. Na ga jirgi ya ɗaga hanci yana bin wani, sai ya sake, ya kama juyawa kamar muciya cikin tukunya, ƙasa na tasowa, wani abu na ƙara. Na ji muryarka ciki. Babana mi kake so uwa ta yi? Na kwarma ihu, na tura ma kowa na ce jirginka ya hwaɗi.

Kahin la'asar unguwarmu Zariya ta cika gidanmu. Gwaggonka ta hawo kabu-kabu tun daga Tibiri, takalminta ɗaya. Babanka ya baro shago buɗe a Sabon Gari.

Shi ya kunna maganar taka gaban mutane. Ashe cikin ɗaki kake, cikin na'urar koyon tuƙin jirgi, ku da abokinka kuna koyon yaƙi, da gangan malaminku ya sa jirgin ya kubce don ku koyi tsamo shi. Ka ce sai a rage wuta, a taka ƙahwa ta saɓa juyin, a tura hanci ƙasa, wanda tsoro ya sa ya ja sama shi ke hallaka. Ƙarshe ka ce, Inna kar ki tura ma kowa, an hana mu.

Babanka bai ko dube ni ba.

Yanzu na ji bidiyon ya kai ga kumandanku, wai za su zauna kanka. In kora ce, ni na jawo maka. Ka ba shi lambata, ni zan roƙe shi da bakina. Jama'a don Allah duk mai bidiyon ya goge, ɗana na nan da ranshi.

Allah ya sanyaya zuciyar manyanka, ya saukar da kai lahiya duk randa ka tashi da na gaske. Ko gaisuwa ce ka turo min Babana, ba zan nuna ma ko

Ana buga ƙohwa. Muryar kakarka ce daga Jiratawa, da kuka ta zo, ba wanda ya hwaɗa mata kana da ranka