Mitar da Ta Tona Mana Asiri

Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da yara. Ya ƙafar? Kina dai shan magani, ko sai an roƙe ki kamar kullum?

Kin san baban yarana da na'urar da likita ya ba shi saboda numfashinsa da ke ɗaukewa in yana barci. Tunda ya fara sa ta, munsharin da ke korar baƙi ya ƙare, gyangyaɗin rana ma haka. Bai gaya wa kowa a wurin aiki ba, don direban da aka ji yana da ciwo, tasa ta ƙare.

Ashe sabuwar mitar da kamfani ya sa mana a gidajen ma'aikata ba kuɗin wuta kaɗai take lissafawa ba. Kowane abu da irin yadda yake jan wuta, ita kuwa tana kai rahoto ofis. Daga nan suka gane muna kwana da na'urar asibiti. Ni da nake rufe labule saboda maƙwabta, ashe magulmaciyar tana manne a bangon kicin. An karɓe makullin motarsa, wai sai an bincika.

Abin da ya fi damuna, ya daina sa na'urar don mita ta shaida cewa ba shi da ciwo. Tsoro nake ji, Yaya. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa, saƙonki ya iso, Allah ya bar zumunci.

Na bi shawararki. Na jona na'urar da hannuna, na ce in ya cire zan kira ki. Nan take ya yi laushi, har yanzu shakkarki yake.

Muka je wurin likita, ya rubuta wa manaja cewa mai wannan ciwon da ke sa na'ura ba ya gyangyaɗi a kan sitiyari, wanda ya daina ne abin tsoro. Mu matan gidajen kuma muka yi gayya zuwa ofis. Na yi magana har bakina ya bushe, domin yau mu ne, gobe wasu ne. Sun yarda mita ta riƙa aika jimillar wata kawai.

Ranar Litinin aka mayar masa da makulli, tafiya mai nisa aka ba shi. Na ɗauko tsohon zanin da muke naɗe na'urar a ciki don ɓoye ta, ya ce in bar shi. A kujerar gaba ya ajiye ta, a gaban abokan aikinsa, har da ɗaura mata bel.

Ki gaishe da kowa da kowa.

Taki har kullum,
Auta