Barkonon Inna a Hannuna

Ranar Litinin

Zuwa ga Maigida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan ta same ka lafiya. Yaya jikin Inna? Yaya zaman jinya da kwanan kujera? Allah ya ba ta lafiya, kai kuma ya ba ka lada. Mu nan lafiya lau muke, 'yan biyu kullum sai sun tambayi ranar da kakarsu za ta dawo.

Na ba direba kayan sawarka da bargon Inna. Za ka ga takarda biyu a ambulan. Ƙaramar ita za ka karanta mata, wannan kuwa taka ce kai kaɗai. Ba zan faɗa maka a waya ba, don na san Inna, idonta ne ya yi rauni, amma kunnenta ko allura ta faɗi sai ta ji.

Maganar barkononta ce. Ka tuna ranar tafiyarku, mota na jira, ta ja ni bayan gida ta nuna min bokitan nan goma sha biyu? Ta ce irin mahaifiyarta ne, shekara arba'in tana shukawa tana cire iri, kuma na ƙarshe ke nan, don wanda ta adana a kwalba danshi ya shige shi ya ruɓe. Shekarata tara a gidan nan ba ta taɓa barina na taɓa ko ganye ɗaya ba, sai ranar ta damƙa min duka. Na ce ta kwantar da hankalinta. Ni da ko albasa ban taɓa shukawa ba! Ni tela ce, ka ba ni yadi ka ga aiki.

Wallahi ƙoƙari ina yi. Sau uku nake ba su ruwa, safe, rana, yamma. Da na ga ganyen na yin laushi da tsakar rana sai tausayi ya kama ni, na kwashe su zuwa ƙarƙashin rumfar wanki inda rana ba ta leƙawa. Guda ɗaya ne na bari a jikin katanga, hannun bokitin ya tsinke, gindinsa kuma a tsage yake, na kasa ɗauka. Sannan na lura ruwa na tsiyayewa ta wasu huji a ƙasan bokitan, na ce wannan ai ɓarna ce, na ɗebo yankakkun ƙyallaye daga ƙarƙashin keken ɗinki na toshe su tsaf. Ciyawar da ta fito tsakaninsu ma na tuge ta kaf.

To amma Maigida, ganyen ƙasa sun fara yin rawaya suna zuba. Don Allah ka bugi cikinta da dabara, ka ji me take yi musu idan sun yi haka. Kar ka bari ta gane daga ni ne.

Ka gaishe ta da jiki ƙwarai.

Taka,
Uwar 'yan biyu


Ranar Alhamis ta mako na biyu

Maigida,

Sallama da gaisuwa. Yaya ƙarfin jikin Inna? Na ji daɗi da ka ce likita ya sa ranar yi mata aikin tiyata kafin ƙarshen wata. Allah ya sa a yi a sa'a. Kai ma ka dinga cin abinci, direba ya ce ka rame.

Na shiga uku. Ka ce da ka tambaye ta sai ta yi maka kallon tuhuma ta ce me ya samu barkonon, kai kuma ka ja bakinka. To ni da na ji shiru sai na yanke hukunci da kaina cewa yunwa suke ji. Na je gidan mai kajin nan na layinmu na ɗebo kashin kaji, ɗanye, mai zafinsa, na zuba wa kowane bokiti na ƙarƙashin rumfa cikin kofi. Kwana biyu suka yi kamar an watsa musu tafasasshen ruwa.

Da kunya da komai na je na kira Baba Mai-fulawa, tsohon nan na gidan da ke kan kwanar layinmu, wanda ya shekara talatin yana gyaran lambun fulawar wata ma'aikata. Ya tsuguna, ya cusa yatsa a ƙasar, ya fito da shi da caɓi, ya shinshina. Ya kifa bokiti ɗaya, sai ga ƙyallayena sun faɗo, ga saiwar ta yi baƙi ta dame kamar zaren da ya kwana a kwata. Ya ɗago ya kalle ni ya tambaya ko ni da mai barkonon muna gaba ne. Kamar in nitse.

Ya ce barkono da tumatir ɗiyan rana ne, in ba su sha ta aƙalla awa shida ba ba sa yin komai, laushin tsakar rana kuwa hutu ne, da yamma za su miƙe. Ya ce saiwa ma numfashi take yi, hujin nan don ita aka yi su. Ruwa kuma ba a bayarwa sai an cusa yatsa gaɓa biyu an ji ƙasa a bushe, a ba su da sassafe, a gindi, ba a kan ganye ba. Taki sai wanda ya ruɓe ya huce har warinsa ya tafi. Abin da ya fi ƙona min rai, ashe ciyawar da na tuge fure ne. Inna ce ke shuka shi da gangan, yana jawo zuma, warinsa kuma na korar ƙwari.

Takwas sun mutu murus. Uku ya sauya musu ƙasa, ya haɗa jar ƙasa da yashi da tsohon taki, ya ce sai abin da Allah ya yi. Na jikin katanga, wanda na yi watsi da shi, shi kaɗai ke tsaye kore shar.

Akwai kuma abin da na yi wanda ban yi alfahari da shi ba. Na je kasuwa na sayo dashen barkono takwas na cike gurbin. Baba ya duba ya girgiza kai, ya nuna min na Inna gaɓoɓinsa shuɗi-shuɗi ne, ganyensa gajere, ya ce ko idonta a rufe ta murza ganye ɗaya za ta gane. Duk da haka a ƙaramar takarda na rubuta mata cewa duk sha biyun suna nan suna ta girma. Ka karanta mata haka, don Allah. Mai jiran aiki ba a ɗaga mata hankali.

Matarka da ta rasa inda za ta sa kanta,
Uwar 'yan biyu


Ranar Asabar

Maigida,

Gaisuwa da fatan kana lafiya. Takardarka ta iso da hantsi, na karanta ta a tsaye a bakin ƙofa.

Ka ce tun ranar da ka karanta mata ƙaramar takardata ta sauya. Ta ce alhamdu lillahi, irin mahaifiyarta ya samu hannun da ya fi nata, yara sun girma, ita ta gama nata aikin, don haka ba mai yanka ta. Ta ƙi sa hannu, tana ture abinci, likita kuma ya ce in aka wuce makon gobe aikin ma ba zai yi amfani ba. Ka roƙe ta, ƙanwarka ta yi kuka, malamar jinya ta lallashe ta, ta juya wa kowa baya.

Maigida, ƙaryata ce ta yi wannan. Na ɗauka ina kwantar mata da hankali ne, ashe kwantar da ita nake yi gaba ɗaya. Tun ɗazu na kasa taka keke, har na ɓata wuyan rigar mutane.

Ukun nan da Baba ya sauya wa ƙasa su ma sun tafi jiya. Saura ɗaya tak.

Ga takarda nan ta Inna. Na san za ka buɗe ka ce kar a karanta mata, za ta iya tsanata har abada. Na yarda ta tsane ni. Ka karanta mata daga farko har ƙarshe, kar ka tsallake layi, kar ka gyara min magana irin yadda ka saba. In ka ƙi, gobe zan biyo direba in karanta mata da bakina.

Taka,
Uwar 'yan biyu


Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum Inna. Ina durƙusawa ina gaishe ki da jiki. Allah ya yaye miki, ya sa kaffara ne. Jikokinki suna gaishe ki.

Inna, na yi miki ƙarya, kuma sau biyu. Barkononki ba ya girma. Cikin sha biyun da kika damƙa min, sha ɗaya na kashe da hannuna. Na ɗauke su daga rana, na toshe musu huji da tsumma, na shaƙe su da ruwa, na ƙona su da ɗanyen kashin kaji. Furen da kika shuka tsakaninsu na tuge shi a matsayin ciyawa. Har na sayo na kasuwa na dasa don in rufe miki ido. Yau da safe na tumɓuke su na zubar, bokitan suna nan a kife.

Guda ɗaya ya rage, na jikin katanga mai tsagaggen gindi. Ba ƙwarewata ta raya shi ba, ya tsira ne don na kasa ɗaukarsa. Yanzu ya kai gwiwata. Shekaranjiya ya fitar da fure fari guda biyar, jiya uku sun zube, ban san dalili ba. A bayan ganyen kuma na ga wasu ƙananan ƙwari farare. Baba Mai-fulawa ya ce shi fulawa ya sani, wannan irin bai taɓa renonsa ba, bai san lokacin da ake barin 'ya'yansa su nuna don iri ba, bai san yadda kike shanya shi ba. Ni ma ban sani ba. Ɗanki bai sani ba. Duk duniya ke kaɗai kika sani.

An ce min kin ce irin ya samu hannu. Bai samu ba, Inna. Hannun da kika bar wa shi ne ya kashe sha ɗaya cikin mako biyu, kuma kullum da safe in na tsaya a kan na ƙarshen da butar ruwa tsoron zubawa nake yi. In kika bar ni da shi, wallahi ba zai kai baɗi ba.

Shekara tara ina jin haushin kin hana ni shiga bayan gida. Yanzu na gane dalili. Amma ke ma Inna, ki yafe min in faɗa, da kin taɓa kirana sau ɗaya kin nuna min yadda ake cusa yatsa a ƙasa, da ba mu zo nan ba. Ki yarda a yi miki aikin nan. Ki dawo ki zauna a kujera, ki yi min faɗa iya son ranki, ni kuma in tsuguna in koya.

Ki yafe min.

Surukarki


Ranar Laraba

Maigida,

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi! Yaya ta kwana? Yaya wurin ɗinkin? Ka yi wa likita da malaman jinya godiya a madadina.

Tun ranar Lahadi ban ji ɗuriyarka ba, wayarka a kashe, har na haɗa jaka zan taho sai ga direba. Na karanta takardarka sau huɗu. Ka ce da ka kai wurin kashin kaji sai ta tashi zaune, abin da ta yi mako ba ta yi ba, ta ce a maimaita mata. Ka ce ta yi ta faɗa har majinyaciyar gadon kusa ta tambayi wa ya rasu. Daga nan ta ce a kira likita da takardarsa, ita ba za ta mutu ta bar irin uwarta a hannun tela ba.

Na ga dogon shafin da ta sa ka rubuta kafin a shiga da ita. Ba gaisuwa, ba komai, sai umarni. Na wanke bayan ganyen da ruwan sabulu kaɗan da yamma kamar yadda ta ce. Na kafa masa kara na ɗaure shi sako-sako. Na samo irin furen nan na watsa kusa da shi don zuma ta dawo. Layin ƙarshe da ta ce ka ja wa layi biyu, wato kar in kuskura in ƙara tausaya masa, shi ma na kiyaye.

Ba ta ce ta yafe min ba, na lura. Ba komai, ta zo ta faɗa min da bakinta ko ta ƙi.

In ta farka ka gaya mata yau da sassafe na cusa yatsa gaɓa biyu, na ji da sauran danshi, na ajiye butar ban zuba ba. Ka kuma gaya mata fure ɗaya ya ɗaure, ɗan barkono ya fito, bai fi ƙwayar wake ba. Na wanke kujerarta na ajiye a jikin katanga, daidai inda inuwa ke sauka da la'asar.

Taka har kullum,
Uwar 'yan biyu