Firizar Farfesa Saratu da Lemon Walima

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Walimar Bankwana,
Sashen Nazarin Halittu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali. Ni ce ma'aikaciyar ɗakin gwajin Farfesa Saratu, tun ina ɗalibarta har ranar da ta yi ritaya. Sau uku ina zuwa ofishinka ana cewa kana taro, shi ya sa na rubuto a fili.

Na ɗaya. Walimar ranar Asabar ta yi kyau. An yi jawabai, an ba ta lambar yabo, kai ma ka kira ta uwar sashe. Ba ƙarya ka yi ba. Ita ta koya min duba ƙwayar halitta a madubin gwaji, tana tsaye a kaina har na daina rufe ido ɗaya. Duk wanda ya bi ta hannunta ya san faɗanta, ya kuma ci tuwon gidanta.

Na biyu. Farar firizar da ke lungun ɗakin gwaji ba ta abinci ba ce. Kowace shekara Farfesa takan ɗebo ƙwayoyin hantar tarwaɗa daga Kogin Kaduna, ta daskarar da su a ƙananan kwalabe, don a gwada na bana da na shekarun baya a ga abin da ruwan ke yi wa kifi. In sun narke, sun mutu. Idan wuta ta daɗe ba ta dawo ba, da kanta take zuwa Makera ta sayo ƙanƙara. Ta rubuta a murfin da hannunta cewa kada a buɗe.

Na uku. Ranar Juma'a ka aike ni karɓo takardun shirin walima. Ina can ka ba masu kawo lemo makullin ɗakin, ka ce su nemi wurin sanyi. Suka kwashe akwatunan kwalaben suka jera a kan benci, suka cika firizar da lemo da kaji. Ban ga laifinsu ba, abin da aka sa su suka yi, har ma sun jera akwatunan da kyau. Makullin bai dawo hannuna ba sai Litinin da safe, na tarar ƙwayoyin duk sun narke.

Na huɗu. Ban yi kuka ba, kuma har yau ban ji komai a raina ba. Na zubar da abin da ke cikin kwalaben, na wanke su ɗaya bayan ɗaya yadda ta koya min, na kife su suka bushe. Ina cikin wankin na tuna ni ma na sha lemon nan a wurin walima. Da sanyinsa kuwa.

Na biyar. Farfesa ba ta sani ba. Ta koma gidanta na Kakau tana noma. Shekaranjiya ta buga min waya tana tambayar 'ya'yanta, haka take kiran ƙwayoyin, na ce mata suna nan lafiya. Tun da nake ban taɓa yi mata ƙarya ba sai ranar. Jiya ta aiko min da doya daga gonarta, wai tukwicin kula da su, da saƙon cewa za ta shigo ranar Laraba mai zuwa ta damƙa su ga wanda zai gaje ta.

Ba na neman a hukunta kowa. Roƙona shi ne ka je Kakau da ƙafarka kafin Laraba ka gaya mata. Kada ka aika masinja, kada ka rubuta takarda. In ba za ka iya ba, ka sanar da ni, zan je ni kaɗai. Ba zan bari ta ɗaga murfin nan da hannunta ta tarar wayam ba.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya kai ka lokacin taka ritayar, ya sa ka bar aikinka a hannun masu karanta abin da aka rubuta a murfi.

Wassalam.

Hadiza,
Unguwar Sanusi, Kaduna.