Safiya Ta Fizge Katinta

Yaya Usman,

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya aiki, ya zafin Jidda? Mu nan unguwar Alsawra lafiya lau, ƙafar Hajja ma ta yi sauƙi.

Maganar 'yarka Safiya ce. Tun da makaranta ta daɗe a rufe, ko littafi ta gani sai ta ɓuya. Kwanaki na sayo wa yara wani wasa a kasuwar Suk al-Shabi, allo ne mai zanen gida, da katuna masu bayanin da ake bi a gano ɓarawo. Ɗana Bashir ke karanta mata katinta, kullum kuma shi ke cinyewa. Ranar Juma'a ta ce, "Gwaggo, wai ɓarawon ta taga ya shiga, alhali ɗakin nan babu taga." Ta fizge katin, ta yi ta haɗa baƙi har ta karanto "bab", wato ƙofa da Larabci, ashe Bashir ke canza mata bayanin. Yanzu komai aka faɗa mata sai ta nemi hujja, har ni ban tsira ba.

Ka sa ta a addu'a, ka gaida abokan zamanka. Ta ce in ka tashi amsa ka rubuta da manyan baƙaƙe, ita za ta karanta mana.

Ƙanwarka,
Rabi