Gwangwanin Kalica a Gindin Arca

Tamga, ranar Talata

Aminina Toktosun,

Assalamu alaikum. Yau Talata na tashi da ɗan sauƙi, tarin ya sassauta, sai dai ƙafafun nan sun daina jin magana, daga gado zuwa taga sai na yada zango a kujera. Ina fatan kana lafiya, kai da 'yarka da jikokin da suka hana ka sakat a Bishkek. Yaya idon da aka yi wa aiki? In ka fara gani tangaran kada ka je gaban madubi, ka tausaya wa kanka.

Tuffa ta nuna a lambu, tana faɗuwa ba mai tsinta. Tafki kuwa ya yi shuɗin nan na kaka, wanda in ka daɗe kana kallonsa sai ka rasa inda ruwa ya ƙare sama ta fara.

Ka tuna gwangwanin matata Kalica? Koren nan na shayi da ta sa muka ɓoye a bakin marmaro, shekarar da ta ajiye aikin koyarwa. Wasan da ka yi ta yi mana dariya a kansa ne, kana cewa tsofaffi biyu sun koma wasan ɓuya. Mutum ya ɓoye akwati, ya sa lambobin wurin a shafin intanet, baƙi su bi waya su nemo shi, su sa hannu a takardar ciki, su koma shafin su ba da labari. To tun da Allah ya yi mata rasuwa, gwangwanin nan ne ke kawo mini mutane. Hanyar marmaro ta ƙofata ta bi. Wani ya roƙi ruwa, wani ya zauna shan shayi, wani ya ɗaga hannu kawai ya wuce. Washegari in buɗe kwamfutar Kalica in karanta abin da suka rubuta. Wata 'yar Koriya ta ce ta yi kuka a wurin, ba ta san dalili ba.

Da bazara ambaliya ta tafi da dutsen da yake ƙarƙashinsa. Na ari dokin maƙwabci na hau, hawana na ƙarshe ke nan, na mai da gwangwanin gindin bishiyar arca da ke sama da marmaron, na dawo na sa sababbin lambobi a shafi. Tun daga nan kowa ya je sai ya rubuta bai gani ba. Da farko na ce 'yan zamani ne, ba su iya duba ƙasa ba sai waya. Sannu a hankali ƙafa ta ɗauke.

Ka san kowane yanki da mai tantance akwatunansa, wanda ba a sanin sunansa na yanka. Namu yana kiran kansa Damisar Ƙanƙara. Ya aiko mini saƙo, ba sallama, ba yaya gida: an kawo rahoton ba a ganin akwatinka, an dakatar da shi, in ba a ji daga gare ka ba zuwa ƙarshen wata za a cire shi daga taswira. Na zauna na rubuta masa amsa irin wadda aka koya mana a makaranta, na gaishe shi, na gaida iyayensa, na gaya masa halin ƙafafuna. Shiru. Na sake. Sai ga saƙon farko ya dawo, ko waƙafi bai canja ba.

Toktosun, mu da muka yi shekara arba'in muna auna duwatsun ƙasar nan muna sa su a taswira, mun san abin da aka goge ba ya dawowa. Jiya da rana na gyangyaɗa a kujera, na ga duk kwarin nan shimfiɗe kamar takarda, ɗigon akwatuna suna ci kamar fitilu, ga wani hannu yana bi yana kashewa. Ya kusa zuwa namu na farka.

Ka gaida mutanen gida.

Naka har kullum,
Saginbek

Tamga, ranar Alhamis

Aminina Toktosun,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yau Alhamis, ƙirjin da dama, har na ci rabin gurasa. Wasiƙarka ta zo. Na ga inda ka ce in sayi kaza ta riƙa ɗebe mini kewa. Na gode, in na samu mai surutu zan sa mata sunanka.

Akwai labari. Burul, ma'aikaciyar jinyar da ke zuwa yi mini allura, ta same ni ina faɗa da kwamfuta. Ta ture ni gefe, ta sa tabarau, ta ce, "Baba, wa kake rubuta wa duk wannan? Ka ga abin da aka sa a ƙasa? An ce kada a ba da amsa ta nan, ba mai karantawa." Na duba, rubutun bai kai ƙafar tururuwa ba. Na ce to me ya sa za su yi ƙofa su ce kada a ƙwanƙwasa? Ta ce, "Oho, ni allura na sani. Juya, kada ka ɓata mini lokaci." Ashe duk gaisuwar da na yi wa iyayen mutumin nan cikin rijiya na zuba ta.

Bayan allurar ta laluba ta gano inda ake ajiye wa mai tantancewa magana, can a ƙasan shafin akwatin. Ta rubuta da yatsa ɗaya: mai akwatin nan tsoho ne, ba shi da lafiya, ya amsa muku ba ku ji ba. Kafin la'asar amsa ta zo. Toktosun, ashe Damisar mace ce! Ta fara da sallama, ta kira ni Baba. Ta ce saƙon nan ba ita ta tsara shi ba, shiryayye ne, dannawa kawai take yi, kuma akwatunan da ke hannunta sun fi ƙarfin mutum ɗaya, bayan ta taso daga aiki take duba su, ba ko sisi. Ta ce ita ma ta ɗauka na yi watsi da ita ne. Ka ji fa, ita tana can tana cewa tsohon nan ya raina ni, ni ina nan ina cewa damisar nan ba ta da tarbiyya.

Sai ta yi tambayar da ta sa na ji kunya har tafin ƙafa. Da wace waya na ɗauki sababbin lambobin? Wace waya kuwa! Da na sauko daga doki taswirarmu na shimfiɗa, tsohuwar nan ta zamanin Sobiyet da muka zana da hannunmu, na sa rula da fensir na fitar da lambobi tsaf. Na manta ma'aunin da muka yi aiki da shi daban yake da na taurarin ɗan'adam da wayoyi ke bi. Ka yi dariyarka, ina jiyo ka daga nan. Duk damina na tura bayin Allah suna tonon ƙaya a hayin rafi, gwangwanin yana zaune yana kallonsu. Lambobin farko kuwa, wancan karon, da wayar Kalica aka ɗauka.

Damisa ta ce gyaran sai an je an tsaya a kan wurin. Na dubi Burul. Ta ce, "Kada ma ka kalle ni, Baba. Ni da wannan jikin in hau dutse? Wa zai yi wa wani allura?" Da muka gaya wa Damisa haka, sai ta ce ranar Asabar za ta bi ta nan zuwa Karakol, za ta sauka ta duba da kanta, kuma in lokaci ya bari za ta biyo mu gaisa. Ta nemi kwatance. Na ce ta bar marmaro a hagunta ta yi ta hawa har sai ta daina jin ƙararsa, sannan ta nemi arcar da ke da farin ƙyalle a reshe. Kalica ce ta ɗaura shi, kamar yadda matanmu ke yi in suna da buƙata a zuci. Ban taɓa tambayarta buƙatar ba.

Ta kuma ce masu shafin suna neman shawarar yadda za a gyara magana tsakanin masu akwatuna da masu tantancewa. Na ce ta gaya musu su buɗe taga ɗaya tak, wadda in na yi magana ta ji, in ta yi na ji, duk zancenmu yana nan a jere kowa na gani. Kuma kafin a tambayi lafiyar akwati, a tambayi lafiyar mai shi. Ta ce za ta kai.

Na kasa daina tunanin kamanninta. Wani lokaci in gan ta doguwa da jakar goyo, wani lokaci gajeruwa mai saurin tafiya irin ta Kalica.

Ka gaida 'yarka.

Amininka,
Saginbek

Tamga, ranar Lahadi

Aminina Toktosun,

Assalamu alaikum. Yau Lahadi jikin a mace yake, jiya na tsaya da yawa. Da fatan kuna lafiya.

Jiya tun safe Burul ta kawo borsok, soyayyen burodin nan namu, da zafinsa, ta shimfiɗa farin mayafin tebur, ta fito da kofunan Kalica masu bakin zinare. Na sa kwat ɗina ta aiki. Burul ta ce, "Kai, Baba, zance za ka? Ka taje gemun ma." Na ce ta fita mini daga gida. Ta fita tana dariya.

Na zauna a taga. Rana ta bi ta kan tuffa, ta sauka a kan tebur, ta taɓa kofunan ɗaya bayan ɗaya. Na ɗumama shayi ya huce, na sake ɗumamawa. Motoci suna wucewa ta bakin tafki, kowace in ta rage gudu sai zuciyata ta tashi tsaye ta bar ni a zaune. Can wajen azahar na hango wata mace da jan mayafi tana hawa ta hanyar sama, wadda ba ta bi ta ƙofata. Ban sani ba ko idona biyu. Na ga ta kai gindin arca ta durƙusa, sai ga Kalica tsaye a gefenta tana nuna mata da haɓa, kamar yadda take nuna wa ɗalibai allo. Daga tagar nan fa ba a hango arcar. Na san da haka. Amma na gani.

Yau da safe Burul ta buɗe shafi. Ɗigonmu ya dawo kore, Toktosun. An gyara lambobin, an ɗage dakatarwar. A ƙasa Damisa ta bar magana, kuma ka san da me ta fara? "Baba, yaya jiki?" Ta ce gwangwanin lafiya lau, ko danshi bai shiga ba. Ta ce ta zauna a wurin fiye da yadda ta yi niyya, har ta kusa rasa motar Karakol, shi ya sa ta sauka a guje ta hanyar sama. Ƙyallen ya kusa kwancewa, ta ƙara masa ƙulli. Ta nemi in yafe mata.

Me zan yafe? Gobe ko jibi wani zai tsaya a ƙofar nan ya roƙi ruwa. Na ce wa Burul ta bar shimfiɗar yadda take, ta zuba tuffa a kwando ta ajiye a bakin hanya.

Borsok ɗin dai ni da Burul muka ci, ya yi tauri. Kofin da na ware wa Damisa yana nan a kife, ban bari an ɗauke ba. Ba ta zo ba.

Naka,
Saginbek